Sauri da Ma'ana a Kan Tsirkiya

Wanda ya taso a ƙasar Gobir, tsakanin Burkusuma da Sabon Birni da Isa, inda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso har sunansa ya game ƙasar Hausa, idan Allah ya kai shi birnin Landan ya ratsa titin Denmark, wurin da shagunan gita suka jeru, lalle zai sha mamaki, domin zai tarar da samari suna gwada kayan kiɗa da gudun yatsu kamar ana korarsu, alhali babu waƙa a bakinsu, babu kuma wanda suke wasawa.

Wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi tun da Eddie Van Halen ya fitar da kiɗansa “Eruption” a 1978, sa'an nan Yngwie Malmsteen, mutumin Suwidin, ya ƙara mata wuta, har sauri ya zama fanni mai zaman kansa, ana koyonsa da na'ura mai ƙidaya bugu, ana ƙara mata lamba mako bayan mako. Ba na raina wahalarsu, haƙiƙa juriya ce babba.

Amma a wajenmu tsirkiya magana take yi. Da yake harshen Hausa yana hawa da sauka, mai gurmi yakan ɗauki taken ɗan kokawa da yatsa kawai, jama'a su gane wanda ake kira tun bai buɗe baki ba. In kuwa ya yi gaggawa, taken ya cakuɗe, ɗan kokawar ba zai ko motsa ba. Malaman balaga sun daɗe da hukunta cewa lafazi bawan ma'ana ne, makaɗanmu kuma, ko da yake galibinsu ba su zauna a zauren ilmi ba, a kan wannan ƙa'ida suke. Dubi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa, hannunsa kuwa akwai zafi, sai dai da zarar zance ya zo gaɓa mai nauyi, kiɗan yakan koma ƙasa ya ba harshe hanya. Mai garaya ma yakan tsananta kiɗa a fagen bori, amma sai in an kusa hawa.

Su ma Turawa ba bakinsu ɗaya ba. Har yau akwai masu fifita B.B. King, wanda yakan riƙe sauti guda yana girgiza shi da yatsa, kuma su ne suka fi yin marhabin da Ali Farka Toure na Mali, wanda ya ɗauko salon garayar ƙasarsu ya ɗora wa gita.