Kayen Madam

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi Tsibiri gaida mahaifina, sai na iske shi ƙarƙashin bedin ƙofar gida, ya buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe yana shanya takardu don kada gara ta cinye su. Takardun shaida ne guda 7, kowace da sa hannun wani annasara, kowace kuma tana cewa mai wannan takarda kuku ne mai tsabta, mai gaskiya, wanda ba ya makara. Ƙarƙashinsu akwai wani kaye mai shuɗin bango, ina ɗaga shi na gane rubutuna na ƙuruciya. Wannan kaye ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako, domin in taɓa maganar da mutanen Maraɗi suka daɗe suna yi a zaure da bakin kasuwa, watau rowar annasara.

Mahaifina ya shiga aikin annasaru a farkon shekarun 1980, lokacin da babban furojen raya karkara na Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya zuba wa kuɗi, ya gyara filin noman rani na Jiratawa, hekta 500 da ƴan kai a bakin Gulbi. A zamanin nan garin cike yake da baƙi farar fata: injiniyoyi, masana aikin gona, malaman lise, likitoci, ƴan mishan. Kowane da gidansa mai katanga, da mai gadi, da boyi, da kuku. Galibinsu shekara biyu ko uku suke yi su koma, wani ya zo ya gaji gidan. Haka mahaifina ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har kusan shekara 30, tare da firiji da murhun gas da kare.

Da yake bai yi lakwal ba, ina shiga aji huɗu sai aikin lissafin cefane ya faɗo kaina. Kullum da yamma nakan tsaya a bayan kicin, Baba yana faɗi ina rubutawa: tumatir dala 30, albasa dala 20, ƙwai 6, burodi 2, naman kare dala 100. Madam takan zo da tabarau a kan hanci, ta tara lissafin, ta ƙirga canjin a kan tebur dala bayan dala, sannan ta sa hannu a ƙasan shafi. Gaskiyar magana, a kayen nan na koyi tarawa da ɗebewa, ba a allon Mushe ba. A nan kuma na gano, tun kafin in san abin da ake kira rashin adalci, cewa naman kare na wata guda yana tashi jika 15, albashin Baba kuwa jika 25 ne, mu tara muke ci a ciki.

Wata rana aka rasa dala 5 a lissafi. Madam ta tara daga sama zuwa ƙasa, ta sake tarawa daga ƙasa zuwa sama. Baba ya zazzage aljihunsa, ya ce:

"Madam, wataƙila almajiri na ba, na manta."

Ta ce ita ba ta aike shi ya yi sadaka da kuɗinta ba. Ta rubuta dala 5 ɗin da jan biro a gefen shafi, ƙarshen wata kuwa aka cire su. A kan hanyarmu ta komawa gida ban ce uffan ba, shi ma bai ce ba, sai da muka kusa unguwa ya ce da ni, "Kai yaro, kada ka faɗa wa uwarka." Ba dala 5 ɗin ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi, an juye masa aljihu a gaban ɗansa.

Mai karatu ya san sauran labarin, domin babu tsohon ɗan kasuwa a Maraɗi da ba shi da nasa. Akwai annasaran da zai fito daga kat-kat mai sanyi ya tsaya rabin awa a rana yana taya kwandon mangwaro, mai kaya yana cewa albarka, shi kuwa yana dariya kamar wasa ake yi, in an sallama masa kuma ya nemi gyara. Akwai waɗanda za su ci abinci su huɗu a otel, kowa ya ciro alƙalami ya lissafa abin da ya shiga cikinsa, abin da ɗan Maraɗi zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana yi. Akwai madam ɗin da take ja wa kwalbar mai layi, take kulle sukari a kabad ta rataya mabuɗin a wuya. Ranar tafiya kuwa ita ce babbar kasuwa: a rubuta jerin kaya da farashinsu a kai wa ƴan uwansu annasaru, tun daga mota har labule, har bokitin wanka da ya tsage. Abin da bai samu mai saye ba shi ne rabon boyi.

Babbar jarrabawa ta zo ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Duk wanda ake biya da kuɗin Faransa albashinsa ya ninka a dare ɗaya in an juya shi sefa, mu kuwa magani da shinkafa da duk abin da ke shigowa daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Ina ƙarami a lokacin, amma Baba ya sha ba ni labari: ya jira wata uku ko maigidansa na lokacin zai tuna da shi, da ya gaji ya yi magana, sai aka ce masa ai tumatir da albasa a Jiratawa ake noma su, ba daga Faransa suke zuwa ba. Aka ƙara masa jika ɗaya.

To, amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. A 2005, shekarar da yunwa ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, Maraɗi ta sake cika da baƙi, ƴan agaji da ƴan jarida daga ko'ina. Ina lise a lokacin, na samu aikin tafinta a hutun damina, na kuwa shiga motarsu na ga garinmu ta gilashinsu. Daga ƙofar gida zuwa biro, sai a ce musu "annasara, kado" sau ashirin. Abin da ake sayar mini dala 50 su jika ake ce musu, mai kayan kuma yana ƙyafta mini ido in yi shiru in samu la'ada. Wata likita da na yi wa aiki ta ce da ni ita ba kuɗin take jin ciwo ba, abin da ba ta so shi ne a mayar da ita wawiya. Wani kuma ya nuna mini tarin rasiɗai a jakarsa, ya ce kowace tamma sai ya yi bayaninta ga mutanen da suka tara kuɗin a ƙasarsu. A tarbiyyarsu, lissafi daidai shi ne mutunci, kuma a wurinsu wanda ya ba ka kyauta ya ɗora maka nauyi. Mu kuwa a wurinmu nauyin nan shi ne zumunci, da shi muke riƙe juna. Kowane ɓangare yana auna ɗan uwansa da tiyar da ba tasa ba.

Ba kuma dukansu ne suka taru suka zama ɗaya ba. Tsofaffin Jiratawa suna tuna wasu samarin Amurka ƴan sa-kai da suka zauna cikin ƙauyuka a ɗakin ƙasa, suna cin tuwo da miyar kuka, suna taya kaya har mai kaya ya yi fushi, domin ɗan abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Amma in an yi rasuwa za ka gan su a kan tabarma, in an yi suna za ka gan su da goro, ba wanda ya kira su marowata. Haka kuma manoman jihar nan ba su manta da Tony Rinaudo ba, mutumin Ostareliya da ya zauna Maraɗi a shekarun 1980 da 1990, ya yi ta bin gonaki yana roƙon mutane su bar kututture ya toho maimakon su ƙone shi. Sassaben zamani da ya mayar da itatuwa gonakinmu da hannunsa a ciki. Ashe dai gaskiyar masu iya magana ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne rowar gaskiya, wadda ta fi ta dala 5 ciwo. Lokacin da kakata ta rasu a Tsibiri, Baba ya nemi rance don hidimar zaman makoki. Maigidansa ya ba shi, ya sa shi ya dangwala yatsa a takarda, aka cire kuɗin cikin wata uku, daidai wa daida. Daga Maraɗi zuwa Tsibiri tafiya ce da ba ta kai rabin awa a mota ba, amma mutumin da Baba ya yi shekara uku yana dafa wa abinci bai taka ya ce Allah ya jiƙanta ba, bai ma tambayi sunanta ba.

Sauran kuma ya bayyana a 2011. A watan Janairu na shekarar, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, Amurka ta kwashe ƴan sa-kanta da suke ƙasar nan tun 1962, sauran baƙi ma suka fara raguwa, maigidan Baba na ƙarshe ya haɗa kaya. Na ɗauki takardun shaidar nan 7 na raka Baba ofishin kula da fanshon ma'aikata. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu sunansa. Doka ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikaci, har da na aikin gida, ya rubuta shi ya riƙa zuba masa kason tsufa. Cikin mutum 7 da suka san doka fiye da mu, waɗanda ba su taɓa yafe tamma a kayen cefane ba, babu ko ɗaya da ya yi. Kowane ya ce a ransa shekara biyu kawai zai yi, na bayansa ya ji da shi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma raɓa bayan raɓa ce ta cinye ƙuruciyar mahaifina.

Da na tsaya a nan, da ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun ji daɗi sun ce madalla. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Gidajen nan masu katanga ba su zama kango ba, mu muka shige su. Bayan 2011 Baba ya yi shekara huɗu yana dafa wa wani babban mutum ɗan ƙasa, wanda kowa ya shaida hannunsa a buɗe yake. Maroƙa suna kwana a ƙofarsa, da salla yakan ɗinka wa Baba riga, da aka yi wa ƙanwata aure shi ya aiko da buhun shinkafa, ya kuma zo da kansa ya zauna. Amma albashi sai ran da ya tuna. In Baba ya yi magana sai ya ce, "Haba Malam, kai da gidanka? Ni da kai har sai an yi lissafi?" Ranar da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, yana bin bashin wata biyar, kunya kuma ta hana shi tambaya, domin ba a kai ƙarar wanda ya zo bikin ɗiyarka.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 30.047 ne tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Ina roƙon mai karatu ya ajiye jaridar nan ya tambayi kansa nawa yake ba mai gadinsa, da yaron shagonsa, da yarinyar da aka kawo wa matarsa daga ƙauye, wace rana ce kuma yake ba su, kuma ko akwai wata takarda a duniya da ta san suna yi masa aiki. Ni na tambayi kaina a kan hanyar dawowa daga Tsibiri, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Akwai wata baiwar Allah da take yi mana wanki da shara shekara uku ke nan. Na san sunayen ƴaƴanta, na je gaisuwar mijinta, amma in da za a ce in faɗi abin da take bina yau, sai na tsaya tunani.

Kafin in baro Tsibiri na tambayi Baba, na ce:

"Baba, tsakanin annasaru da Alhaji, wa ya fi rowa?"

Ya daɗe yana ninke takardunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Annasara ya biya ni bai san ni ba, Alhaji ya san ni bai biya ni ba. Duk cikinsu babu wanda ya yi tunanin ranar da zan kasa tsayuwa."

Na roƙe shi kayen, ya ce in ɗauka, ai rubutuna ne. Akwai sauran shafuka fiye da 20 a bayansa da ba a taɓa ba. A na farkonsu na rubuta sunan mai yi mana wanki, da albashinta, da ranar biya, muka zauna da ita da maiɗakina muka lissafa abin da take bi, na biya. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je ofishin da na raka Baba a 2011, in tambayi yadda ake rubuta ma'aikacin gida. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.