Zare: tsohuwar kwamfuta mai sandarewa da rigimar IRQ

1/
Jama'a, da an ce tsohuwar kwamfuta tana sandarewa, maganin da ake ba ta ɗaya ne: a yi mata fomat. In ta sake, a ce madabod ya tafi, a sayar wa ƴan gwangwan. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don akwai cutar da fomat ba ya taɓawa ko kaɗan. Sunanta rikicin IRQ. Ku biyo ni 🧵

2/
Wanda ya buɗe ido da Android da laftof bai san ta ba. Amma Pentium II da Pentium III ba su ƙare ba. Ku leƙa shagunan masu yankan sitika da masu injin yi wa kaya ado, za ku gan su a lungu sun sha ƙura, kuma su ne ke ciyar da gida.

3/
Ga yadda abin yake. Furosesa ba ya bin na'urori ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai saƙo. Yana ciki yana aikinsa kamar maigida. In kibod ko modem na da magana, sai ya yi sallama, maigida ya ajiye abin da ke hannunsa, ya saurare shi, ya koma inda ya tsaya. Layin da sallamar ke bi shi ne IRQ, kowanne da lambarsa.

4/
Yaron da ke zaure yana shigar da sallama wani ɗan guntu ne na Intel mai lamba 8259. A IBM PC ta 1981 guda ɗaya ne, layi takwas. A 1984 da PC/AT ta fito aka ƙara na biyu, suka zama 16. Sai dai na biyun ta bakin na farko yake magana, a kan IRQ 2, don haka 15 ne na amfani.

5/
Kuma kafin ka zo an raba gadon. 0 na agogon cikin tsarin ne, 1 na kibod, 3 da 4 na ramukan COM, 6 na fulofi, 7 na firinta, 8 na agogon kwanan wata, 12 na maus ɗin PS/2, 13 na mataimakin lissafi, 14 da 15 na faifan ajiya da CD.

6/
Me ya rage? 5, 9, 10, 11. Huɗu kacal. A kansu katin sauti, katin netwok, modem, sikana, katin hoto, daga baya har USB, kowa ke neman wurin zama.

7/
Katunan zamanin, wato na ramin ISA, baƙin dogon ramin nan, ba sa tambayar kowa. Da hannu kake zaɓa musu lamba da jampa, ɗan marfin roba da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Kuma masana'anta sun riga sun sa nasu. Sound Blaster na farko IRQ 7 ya zo da ita, wato ta firinta. Katin netwok irin NE2000 kuma 3, wato ta COM2. Rigima tun daga kwali.

8/
Wanda ya taɓa wasa a DOS zai tuna layin nan: SET BLASTER=A220 I5 D1. Wannan I5 ɗin IRQ 5 ke nan. In ka rubuta 5 alhali jampa na kan 7, sautin zai fara, ya maƙale a gaɓa ɗaya yana nanatawa, ko wasan ya tsaya cak.

9/
To me ya sa su biyu ba za su haƙura da layi ɗaya ba? Nan ne daɗin labarin yake.

10/
Katin ISA ƙwanƙwasawa yake sau ɗaya. 8259 ba ya duba ko layin yana sama, abin da yake lura da shi shi ne lokacin da ya tashi daga ƙasa zuwa sama. In kati na farko ya riga ya ɗaga layin, na biyu ya zo ya ɗaga, babu wani tashi da za a gani. Sallamarsa ta bi iska.

11/
Shi yana tsaye yana jiran a amsa. Manhajar da ke jiransa ita ma tana jira. Ba wanda zai sake magana. Kai kuma kana gaban allo kana girgiza maus kana salati. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya lalace, saƙo ɗaya ne bai isa ba.

12/
Wanda ya fi ba ni dariya a zamanin intanet na wayar tarho: maus a COM1, modem a COM3. Sunaye daban, amma duka IRQ 4 ne. Na ga kwamfutar da shafi ba ya buɗewa sai kana motsa maus, don sallamar maus ce ke sa a leƙo a ga saƙon modem. Mai kafe ya sa yaro yana ta juya shi 😂 Mayar da modem COM2 ko COM4, IRQ 3, shi ke nan.

13/
PCI, farin gajeren ramin da Intel ta kawo a 1992, ya canja salo. Katin yana danna ƙararrawa ya riƙe har sai an zo. Saboda haka ko su uku ne a layi ɗaya, tsarin zai bi direbobinsu yana tambaya, na wa ne, har layin ya yi shiru.

14/
Ku riƙe wannan da kyau: katin PCI biyu a IRQ ɗaya ba laifi ba ne. Windows 2000 da XP sukan jibge na'ura biyar shida a 9 ko 11 kuma komai lafiya lau. Na sha ganin masu gyara sun kwana suna raba su a banza.

15/
Nasa ciwon daban ne. In direba ɗaya gurgu ne, bai amsa cewa sallamar tasa ce ba, ƙararrawa ba za ta daina ba. Furosesa ya fito, ya koma, ya sake fitowa, sau dubbai, ba ya samun sukunin yin komai. Daga waje kamar ta sandare, alhali aiki ne ya yi mata yawa.

16/
Mafi muni shi ne madabod na ƙarshen shekarun 1990, masu ramin ISA da PCI tare. Windows 95 ta zo da alƙawarin ka soka kati ya yi aiki da kansa, har masu gyara a Turai da Amurka suka mayar da shi abin zolaya, wai ka soka ka yi addu'a. Dalili: tsohon kati mai jampa ba ya gaya wa BIOS lambar da ya ɗauka. BIOS ta ga 5 kamar ba kowa, ta ba wa wani.

17/
Bari in ba ku wadda na taɓa da hannuna. Wani mai shagon yankan sitika a Kano, Pentium III, Windows 98. Kwamfutar ta shekara da shekaru lafiya, rana ɗaya ta fara tsayawa. Wani lokaci da an kunna, wani lokaci a tsakiyar yanka, sitika ta lalace, mai kaya yana tsaye. An yi mata fomat sau biyu kafin a kira ni.

18/
Kar ku ce ya sayi sabuwa. Manhajar injin tana da makulli da ake sokawa a ramin firinta, ba ta buɗewa in babu shi, kuma irin wannan makullin ba ya aiki ta wayar da ke juya USB zuwa ramin firinta. In kwamfutar ta mutu, injin ya zama teburin ajiye kaya. Ga aikin Sallah an karɓi kuɗin mutane.

19/
Na tambaye shi, Alhaji, agogonta daidai yake? Ya ce ai kullum da safe sai yaro ya gyara kwanan wata, komawa take can baya. A nan na ji ƙamshin abin.

20/
Batirin madabod, CR2032, mai kamar kwabo, ya mutu. Da shi BIOS ke riƙe saitinta. Wanda ya haɗa kwamfutar tun farko ya keɓe IRQ 5 ga wani tsohon katin sauti mai jampa. Da batiri ya mutu BIOS ta manta, ta miƙa 5 ga katin netwok na PCI. Yara su kunna waƙa, a turo fayil daga ɗaya kwamfutar, sai a yi karo.

21/
Fomat faifan ajiya yake sharewa. Saitin BIOS da jampa ba a can suke ba. Ko sau goma za a yi, tana nan.

22/
Gyaran bai kai minti ashirin ba. Sabon batiri, na shiga BIOS shafin PnP/PCI, na mayar da IRQ 5 kan Legacy ISA, na kunna Reset Configuration Data don ta sake rabon daga farko. Na kashe COM2 da ba a amfani da shi, 3 ta samu sarari. Na so in cire katin sautin gaba ɗaya, yaran shago suka ce a'a, ba sa aiki shiru.

23/
In irin ta ta zo hannunka, fara da tambayar yaushe take tsayawa. Rikicin IRQ yana da ɗabi'a: sai an taɓa abu biyu lokaci guda, sauti da firinta, maus da modem. Wadda ke tsayawa bayan ta yi zafi, ko ba a taɓa komai ba, wani ciwon ne.

24/
Kuma gaskiya, a ƙurar da muke sha da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, yawancin sandarewa fanka ce ta cije, ko ram, ko akwatin wuta. Madabod na wajen 2000 zuwa 2005 kuma ka duba kafasita, in kansu ya kumbura ko ya yi tsatsa, ka bar IRQ ta huta. Ram kuma Memtest86 zai gaya maka.

25/
Wani abu da ke ruɗa mutane: shuɗin allo mai IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Sunan ya yi kama, amma ba rikicin layi ba ne. Galibi direba ne ya taɓa ƙwaƙwalwar da bai kamata ba, ko ram ya fara lalacewa.

26/
Don ganin rabon, buga msinfo32 ka duba sashen IRQ, a Linux kuma cat /proc/interrupts. Amma kar ka yarda da allo ɗari bisa ɗari. In kati mai jampa ne, Windows abin da aka gaya mata take nunawa. Buɗe akwatin, haska tocila, karanta rubutun da ke gefen jampa.

27/
In ka rasa kan zaren, cire duk katunan ka bar na hoto kaɗai. Mayar da su ɗai-ɗai, kana kunnawa kana gwadawa. Katin PCI mai rigima sau da yawa canja masa rami kawai ya isa, don layi huɗu ne ke zagaya ramukan kuma wasu ramukan abokan tarayya ne. Na kusa da AGP yawanci da katin hoto yake rabawa, ni barinsa nake fanko.

28/
Me ya sa laftof ɗinka ba ya haka? APIC ya maye gurbin 8259 da layi 24, sannan PCI Express ta yaɗa amfani da MSI, inda na'ura ke rubuta saƙonta kai tsaye ba tare da layin kowa ba. Amma a kwamfutoci da yawa har yau, in ka duba msinfo32, kibod na nan a IRQ 1 inda IBM ta ajiye shi a 1981.

29/
Wanda ya gyara irin wannan, don Allah ya rubuta saitin BIOS da lambar kowane kati a takarda, ya manna a cikin murfin akwatin, da ranar da ya sa batiri. Kuma in za ka cire jampa, shimfiɗa farin ƙyalle tukuna. In ya faɗi ƙasan shago ba ka ƙara ganinsa.