Daga Tsibirin Biktoriya Zuwa Mushin: Inda Tsofaffin Kujerun Otal Ke Komawa Sabbi

Duk wanda ya sauka birnin Ikko, watau Legas, ya bi titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Biktoriya, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne dogayen benayen otal-otal da suka yi jerin gwano a bakin ruwa. A kan wannan titi ne otal ɗin Federal Palace yake, wanda aka buɗe a shekarar 1960 domin saukar manyan baƙin bikin samun mulkin kai, aka kuma sake buɗe shi a 2008 bayan an yi masa gagarumin gyara. Gaba kaɗan, kusa da ruwan Kuramo, ga otal ɗin Eko, wanda ya fara aiki a 1977, shekarar bikin FESTAC, yau kuwa ɗakunansa sun haura 800. Baƙon da ya sauka a irin waɗannan masaukai, ya miƙe bisa gado mai laushi, ya jingina da kujera mai sheƙi, da wuya ya tambayi kansa daga ina wannan kujera ta fito, ina kuma za ta dosa ranar da aka gaji da ita.

Amsar wannan tambaya tana can ƙetaren gada, a cikin unguwannin da ƙurar katako ke tashi tun daga hantsi har faɗuwar rana. Amma kafin mai karatu ya kama hanyar can, ya kamata ya san girman kayan da ake magana a kansu.

Nauyin da ke cikin ɗaki guda

Kayan otal ba irin na gida ba ne. Kujerar da ke falon magidanci ta san masu zama a kanta, ta otal kuwa kullum da sabon baƙo, wani ya ɗora mata akwati, wani ya zubar mata da shayi, wani ya ja ta a ƙasa. Saboda haka ne al'adar manyan otal-otal na duniya ta zama sauya labule da yadin kujeru da shimfiɗar ƙasa bayan shekara 5 zuwa 7, kayan katako kuwa bayan shekara 10 zuwa 15.

A ɗauka, alal misali, otal mai ɗaki 200, kowane ɗaki da gado, da allon kan gado, da durowa biyu, da tebur, da kujera biyu, da kabad ɗin rataye tufafi. Kaya takwas ke nan a ɗaki guda, 1,600 a otal ɗin baki ɗaya, ban da na ɗakin cin abinci da zauren taro. A farkon shekarun 1980, sa'ad da Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka daraja, mai otal bai damu ba, sai ya aika Italiya ko Ingila a loda masa sabbi a jirgin ruwa. Yau zance ya sha bamban. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya a farashin gwamnati, bai janye wannan doka ba sai a watan Oktoba na 2023. A watan Yuni na shekarar kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, daga wajen 460 kan Dala guda ta zarce 1,500 a cikin 2024. Kujerar da aka sayo daga ƙasar Sin ko Turkiyya ta ninka kuɗinta wajen sau uku tun ba a sauke ta a tashar Apapa ba. To, a nan ne masu otal suka fara waiwayen kafinta.

Abin da gada ke nunawa

Matafiyin da ya bar tsibiri ya hau gadar nan ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990, in ya dubi hagunsa zai hango gaɓar Ebute Metta. A nan Oko Baba take, wadda ta daɗe a matsayin matattarar masu tsaga katako da ta shahara a duk faɗin ƙasar nan. Shekara da shekaru, gungumen itatuwa ne ake ɗaurewa kamar tabarma, a jawo su ta ruwa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, su yi kwana da kwanaki a hanya kafin su iso bakin zarto. Hayaƙin dusar katakon da ake ƙonawa ya daɗe yana turnuƙe gadar, ga gobara a kai a kai, har gwamnatin jihar ta gina wa masu sana'ar sabon matsuguni mai suna Timberville a Agbowa-Ikosi domin su koma can.

Tsofaffin masu sana'ar sun san yadda kaurin gungume ya riƙa raguwa a kan idonsu. A da, ƙasar nan ta yi suna wajen katako har wani irin itace mai jan launi ya ɗauki sunan garin Sapele, inda kamfanin African Timber and Plywood ya yi babbar masana'antarsa, kuma da wannan suna ake sayar da shi a kasuwannin Turai har gobe. Da loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da maɗaci, da afara aka ƙawata otal-otal na zamanin samun mulkin kai. Amma bishiyar loko sai ta shekara 50 ko fiye kafin ta isa sara, sara kuwa na yini guda ne. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2005 kaɗai Nijeriya ta rasa fiye da rabin abin da ya rage mata na ƙungurmin dajin da gatari bai taɓa shiga ba. Arewa ma ba ta tsira ba, domin an yi wa maɗobiya wawaso a Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido tun daga farkon 2017.

Ma'anar wannan ita ce, tsohon tebur na loko da ke jibge a ɗakin ajiyar wani otal ya fi sabon da za a ƙera yau inganci. Katakonsa ya fito daga bishiyar da ta ƙosa, ya kuma bushe sarai. Na kasuwa kuwa sau da yawa ɗanye ake sayar da shi, da zarar ya shiga ɗaki mai na'urar sanyaya iska sai ya lanƙwashe ko ya tsage.

A rumfar kafinta

Daga ƙarshen gada, hanya ta bi ta Gbagada da Oshodi, ta gangara titin Agege Motor zuwa Mushin. Unguwa ce mai cunkoso, motocin danfo masu ruwan ɗorawa na gogayya da masu tura baro, maƙwabciyarta kuwa ita ce Idi-Araba, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. A nan kasuwar katako ta Amu take, wadda gobara ta cinye wani babban sashe nata a watan Janairu na 2020, 'yan kasuwar suka sake tayar da ita. A lungunan da ke kewaye da ita rumfunan kafintoci ne da masu ɗinkin kujeru da masu feshin fenti, ƙamshin katako ya gauraya da warin gam, ƙarar inji ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi.

Aikin gyaran kayan otal yana da tsari. Da farko akan kasa kayan kashi uku: waɗanda gogewa da fenti kawai suke bukata, waɗanda sai an kwance su, da waɗanda suka riga suka mutu. Kujerar da ta faɗa kashi na biyu za a tuɓe mata yadi, a ciro tsohon soso da ƙusoshi, har sai ƙashinta ya fito fili. Sa'an nan kafinta ya girgiza ta, ya saurari gaɓar da ke kuka, ya duba ko akwai ƙananan huda masu zubar da gari, alamar ƙwaro ya shiga. In akwai, a ɗura magani. Gaɓar da ta saki a kankare tsohon gam, a sa sabo, a matse ta da ƙarfe ta kwana.

Daga nan sai guga da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, kuma a bi tsawon jijiyar katako, domin wanda ya gitta ta ya bar tabon da fenti ba zai rufe ba. A wannan mataki ne ake ganin abin mamaki: teburin da ya yi baƙi ƙirin da dauɗar shekara 30 sai ga shi ya fito da launinsa na asali kamar zuma. A shafa masa launi, a fesa man sheƙi hawa biyu ko uku, ana gogewa a tsakani. Kujera kuma ta koma hannun mai ɗinki, ya ɗaure mata igiyoyin roba a gindi, waɗanda sau da yawa daga tsohuwar tayar mota ake yanko su, ya shimfiɗa sabon soso mai nauyi, ya ja yadi ya ɗame. Durowa da kabad a sauya musu marikai da makullai.

Soso dai ba sai an je waje ba, tun 1962 aka kafa kamfanin Vitafoam da ke Ikeja, ga kuma Mouka da ya samo asali a Kano a 1959. Yadi ne matsalar, domin tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000, yawancin yadin kujera daga waje yake zuwa. Duk da haka, otal ɗin da ya so ya bambanta da saura yana iya ƙawata allon gado da matasan kai da adiren Abeokuta, ko saƙar Iseyin, ko jemammiyar fatar Kano.

Ribar mai otal a bayyane take. Mafi tsada a jikin kujera shi ne katako da aikin haɗa shi, waɗannan kuwa an riga an biya kuɗinsu tuntuni. Babu kuɗin jirgi, babu na kwastan, babu jiran kwantena wata da watanni. Bugu da ƙari, ana iya ɗauko ma'aikatan su yi aikin a harabar otal ɗin, hawa bayan hawa, sauran ɗakuna na ci gaba da karɓar baƙi. Kuɗin da za su tafi ƙetare sun tsaya a aljihun kafinta da yaransa masu koyon sana'a.

Abin da ba ya gyaruwa

Amma fa ba kowane kaya ne ke karɓar gyara ba. Yawancin kayan da aka shigo da su a 'yan shekarun nan an yi su ne da allon dusar katako da aka matse da gam, aka liƙa masa leda mai kama da itace. Kyan ɗan maciji ke gare shi: ruwa na taɓa shi ya kumbura, ƙusa ta fita ba ta komawa, kuma ba ya guguwa, balle a Ikko mai yawan laima. Katifa ma ba abar gyara ba ce, wadda ta ƙare sai sabuwa, kuma duk gadon da aka kwance wajibi ne a bincike shi saboda kuɗin cizo, ƙwaron da ke iya zubar da mutuncin otal a dare ɗaya.

Akwai kuma ha'inci. Wani mai ɗinkin zai lulluɓe ruɓaɓɓen soso da sabon yadi, wani mai fentin zai rufe cin ƙwaro da man sheƙi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Mai otal mai hankali yakan ba da ɗaki guda a fara gwadawa, ya ga kamun ludayin ma'aikaci, ya kuma rubuta a takarda irin soso da yadi da fentin da za a sa kafin ya saki sauran.

Ƙarshen hanya a Ojota

Kayan da ba su sami mai gyara ba, wasu akan yi gwanjonsu, ƙananan masaukai da dillalan tsofaffin kaya su saye. Saura kuwa sai su bi titin Ikorodu zuwa Ojota, inda jujin Olusosun yake, fili mai faɗin hekta wajen 40 da shara ta zama tsauni a cikinsa. Hukumomi na ƙiyasta cewa birnin na fitar da shara kimanin tan 13,000 kowace rana. A can 'yan bola, da yawansu matasa daga Arewa, kan tsince ƙarfe da alminiyam, amma soso da allon dusa ba su da mai saye. In wuta ta kama su, kamar yadda jujin ya kama a watan Maris na 2018 ya yi kwanaki yana ci, hayaƙin da ke tashi guba ne ga huhun mazauna kewaye. Kujera ɗaya da aka gyara ta rage wa daji sara, ta kuma rage wa juji kaya.

Wannan darasi bai tsaya a Ikko ba. Akwai tsofaffin masaukai masu tarihi a ko'ina: Hamdala a Kaduna, Hill Station a Jos, Premier a kan dutsen Mokola a Ibadan, Presidential a Inugu, ga kuma gidajen saukar baƙi na gwamnati a kusan kowane babban gari. Mutanen Kaduna ba su manta da otal ɗin Durbar ba, wanda aka gina domin bikin 1977, ya shekara da shekaru a rufe, aka rushe shi a 2020. Masu hannu da basira kuwa ba su yi ƙaranci ba, wanda ya taɓa shiga Panteka ya san haka.

Abin da ya rage shi ne masu otal da hukumomin da ke kula da kadarorin jama'a su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su ƙirga abin da ke ciki, su kira kafinta ya duba kafin a rubuta takardar odar sabbin kaya. Makarantun koyon sana'a su ma su sa gyaran tsofaffin kayan ɗaki cikin darussansu, kamar yadda suke koyar da ƙera sabbi. Wanda zai sayi sabo kuma ya sayi na katakon ƙwarai, domin bayan shekara 15 ya sami abin da zai miƙa wa mai gyara.