Rubutun Baibai

Ban taɓa zaton hannun lalle zai biya mini kuɗin karatu ba. Tun ina koleji nake yi wa ƴan unguwarmu lalle a Maradi, kuma da hannun nan na shiga sana'ar gato. Gashi kam kowa na iyawa. Abin da ke sa a ba ki jikka 15 maimakon 8 shi ne adon da ke bisa, ni kuma na shokola na kama, irin wanda ake zanawa daban sannan a ɗauko a ɗora.

Aikin ba wuya a baki. Ki zana hoton a takarda, ki shimfiɗa takardar gashi mai santsi a kai, wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta. Ki narka shokola a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta ba. Ki zuba a ƙunshin takarda mai tsini, kamar dai na lalle, ki bi layukan da baƙar shokola. In sun daskare ki cike tsakani da fara, sannan ki shafe bayan duka da wani zubi mai kauri don ya riƙe. Sai firigo. In ya yi tauri ki kifa, ki ɓare takardar a hankali.

Wato fuskar da kike kallo kina aiki, ita ce bayan. Wadda mutane za su gani tana ƙasa, ba ki ganinta sai an gama.

Azumin da ya faɗo cikin bazara, Hajiyar da ke bayan gidanmu ta ce in yi mata gato na Sallah, da jinjirin wata da "Barka da Sallah" a kai. Ta ba ni rabin kuɗin. Washegari na kai su wajen rajista, don ranar rufewa ta matso. Ke nan ba zancen in ce na fasa.

Daren farko na zauna bayan asham na yi rubutuna tsaf, wallahi har ina yaba kaina. Da na kifa, sai ga haruffa sun juya mini baya. Na manta a baibai ake zana rubutun. Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ai sai yau kika yi rubutun kirki, daga dama, irin na allo." Ni ban yi dariya ba. Ita ce dai ta ɗauko madubinta ta riƙe mini, na sake zana kalmomin har suka karantu a cikinsa.

Dare na biyu ruwa ya ci ni. Na so jinjirin watan ya yi rawaya, na ɗiga kalar da muke sa wa lemu. Nan take shokolar ta cure kamar tuwon da ya kwana. Ashe ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya haɗe sukarin da ke ciki, sai kala mai mai ce ke shiga. Rabin abin da na saya ya tafi. Baba, da ya yi ci-rani shekaru a Kodibuwa, ya ce buhunan kakawo nawa ya ɗauka a ka bai taɓa ɗanɗana shokola ba, ga ni ina zubarwa. Shi ya cinye curin da sahur.

Saura zafi. Man kakawo yana narkewa wajen digiri 34, mu kuwa a watan Afrilu rana na wuce 40. Ko yatsa kika ɗora sai ya bar shaida, kuma da azumi a baki ba halin lashewa. Don haka na bari sai jajibirin Sallah, ƙarfe uku na dare. Na gama zubin ƙarshe, na buɗe firigo, kuran ya tafi.

Na tsaya da faranti a hannu cikin duhu, ina lissafin inda zan samo jikka bakwai da rabi na Hajiya. Ƙanena na tasa, ya buga wa mai ƙanƙarar layinmu ƙofa, ya sha zagi, ya dawo da guda huɗu. Muka jera su a kula, na naɗe farantin cikin leda biyu don kada raɓa ta taɓa shi, muka rufe. Ban buɗe ba sai da aka kira assalatu.

Na kifa. Na ɓare takardar ina riƙe da numfashi. Watan ya fito fari, ba rawaya ba, amma yana ƙyalli, kalmomin kuma sun fuskanto ni daidai. Wajen ɗorawa ne harafin ƙarshe na "Sallah" ya tsage gida biyu. Na liƙe shi da ɗan kirim, na sa ƙanena ya riƙe mini laima, muka zagaya bayan gida kafin a tafi idi.

Hajiya ta duba, ta sa yatsa daidai kan tsagin, ta ce, "Ƴata, nan fa?"

Na ce, "Hajiya, zafi ne."

Ta ƙirga mini jikka bakwai, ta ce ɗari biyar ɗin na zafi ne. Sannan ta ce sunan jikarta sati mai zuwa, kuma wannan karon da ajami take son rubutun.