Shimfiɗar Ciyawa a Ƙarƙashin Ruwa

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a ƙasar Jafan an yi wani mutum wanda haƙurinsa ya sa dutse ya tsiro da ciyawa a cikin ruwa. Sunansa Takashi Amano, an haife shi a Niigata cikin 1954, ya rasu cikin 2015. Kafin zamaninsa yawancin masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi kifin kaɗai suke kallo, tsiro kuwa ɗan rakiya ne. Shi ne ya juya al'amarin, ya mai da akwatin tamkar wata 'yar fadama, ciyawa ta lulluɓe ƙasa da duwatsu kamar darduma.

Aikin yana farawa ne tun ba a zuba ruwa ba. Za a shimfiɗa ƙasa ta musamman mai taki, a tudunta ta daga baya, sa'an nan a kafa duwatsu uku ko biyar, babba guda ɗaya sauran suna yi masa fadanci. Wannan tsari shi ake kira iwagumi. Daga nan sai dashe. Ciyawar Glossostigma, wadda asalinta daga Ostareliya da Niyu Zilan ne, ana tsinka ta ƙanana ƙanana, a riƙa cusawa cikin ƙasa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, kamar dai dashen shinkafa. Ita kuwa Riccia ba ta da saiwa, bisa ruwa take yawo, don haka Amano ya riƙa ɗaure ta a jikin dutse da siririn zare har ta rufe shi.

To, a nan ne gaggawa take kayar da mutane da yawa. Mai sha'awa ya ƙosa ya ga kore, sai ya ƙara wa akwatin hasken fitila, bai san cewa haske kaɗai ba ya ciyar da tsiro ba. Tsiro yana bukatar iskar kabon dayoksaid, watau irin wadda mutum yake fitarwa in ya yi numfashi, ita kuwa kaɗan ce a cikin ruwan akwati. Idan haske ya yi yawa iskar ta gaza, gansakuka ce take cin ribar, ta mamaye ganye da gilashi, wahalar makonni ta tashi a banza. Amano da kansa ya ba da labarin yadda ya gane haka, sa'ad da ya tsiyaya ruwan soda a akwatinsa ya ga tsire-tsiren sun farfaɗo. Yau da 'yar tukunyar gas ake sakin iskar a hankali, a kunna fitila kamar awa 8 a yini, a yawaita canjin ruwa a makonnin farko. Shi ne kuma ya yayata sa wani ƙaramin jatan lande mai cin gansakuka, wanda har yanzu da sunansa ake kiransa.

Ko shimfiɗar ta haɗe, bayan wata ɗaya ko biyu, aiki bai ƙare ba. In aka ji tausayinta aka ƙi sa mata almakashi, sai ta yi kauri, na sama ya tare wa na ƙasa haske, gindin ya ruɓe, wata rana a wayi gari dardumar ta ɓalle tana yawo bisa ruwa. Lalle ne a riƙa yi mata aski tun tana kan ganiyar kyanta, abin da yake yi wa sabon shiga wuya ƙwarai.

Cikin 2015, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, Amano ya shirya akwati mai tsawon mita 40 a gidan kifaye na Lisbon, babban birnin Fotugal. Girman ya bambanta, amma ka'idar ɗaya ce da ta ƙaramin akwatin da ke kan teburi: haske daidai da iska, dashe da hantsaki, aski a kan lokaci, sa'an nan jira.