Lauyan da ya gina birni a gonar aro

Wasan kwamfuta mai suna Skyrim ya fito a watan Nuwamba na shekara ta 2011, daga kamfanin Bethesda na Amurka. Duniya ce ta almara, mai cike da dodanni da matsafa da mayaƙa. A Fabrairun 2012 kamfanin ya saki kayan aikin da ake ƙera wasan da su, kyauta, domin duk mai sha'awa ya ƙara abin da ransa ke so. Irin wannan ƙari na masu wasa shi ake kira mod, kuma galibinsu ƙananan gyare-gyare ne, kamar sabon takobi ko sabuwar riga.

Nick Pearce, wani lauya ɗan Ostiraliya, ya ɗauko abin da ya fi haka nauyi. Shekara uku ya yi, awa wajen 1,700 na lokacin hutunsa, yana gina wani birni na ƙarƙashin ƙasa a cikin duniyar Skyrim. Ya sa masa suna The Forgotten City, wato birnin da aka manta, ya fito da shi a Oktoban 2015. Mazauna birnin suna rayuwa ƙarƙashin doka guda: idan mutum ɗaya ya yi laifi, kowa zai halaka. Mai wasa yana komawa baya cikin lokaci, sau da sau, yana sauraron mutane, yana neman wanda zai jawo musibar. Takobi ba ya da wani amfani mai yawa a nan. Tambaya ce makami. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma malamin da ya taɓa horon aji sukutum saboda surutun yaro ɗaya ya san daɗin wannan doka ga mai mulki, ya san ɗacinta ga wanda bai ji ba bai gani ba.

A 2016 ƙungiyar marubutan fim da wasan kwaikwayo ta Ostiraliya ta ba shi lambar yabo, abin da wani mod bai taɓa samu ba a matakin ƙasa. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar da birnin ke kai ta Bethesda ce, haka ma tarihinta da ƙabilunta, kuma marubucin ba ya da ikon sayar da aikinsa. An taɓa gwada sayar da mod na Skyrim a Afrilun 2015, mai aikin yana samun kashi 25 cikin ɗari, amma masu wasa suka yi ca, aka janye tsarin kafin mako ya zagayo.

Pearce ya ajiye aikin lauya, ya kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna Modern Storyteller. Su uku ne ginshiƙan aikin. Dole ya tuɓe wa labarinsa duk abin da yake na Skyrim, ya ga me zai rage. Ya mayar da birnin zamanin Rumawa, shekara ta 65 miladiyya, ya nemi shawarar masanin tarihi Philip Matyszak da masaniyar kufai Sophie Hay, rubutun kuma ya kai kalmomi 80,000. Sabon wasan ya fito a Yulin 2021.

Abin da ya tsira daga wannan ƙaura shi ne tambayar lauyan: mene ne laifi, kuma wa ya yanke? A sabon birnin masu halaka gumakan zinariya suke zama, amma dokar ba ta taɓa fayyace abin da ta hana ba. Akwai wata mata da ke bakin mutuwa, maganinta yana hannun wani ɗan kasuwa da ya tsawwala masa kuɗi. Dokar ba ta ce masa uffan ba. Mai wasan da tausayi ya sa ya sace maganin kuwa, shi ne ke jawo wa birnin duka halaka.