Garkuwar Jita

Kakana makaɗin garaya ne a ƙasar Gaya. Ni kuwa ban gāji kiɗa ba, sai riƙon kuɗi, gama ni ne ma'ajin 'yar ekklesiyarmu kusa da Ajingi. Ɗana na fari shi ya ɗauko hannun kakan nan.

Bayan kaka muka sayar da dawa da gyaɗar baikon godiya, muka tafi Sabon Gari a Kano muka sayo tsohuwar jita mai aiki da lantarki. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani faifan roba da aka ɗaura domin kada farce ko abin kaɗawa ya kankare fenti. Mu dai garkuwa muke ce da shi. Tamu ta tsufa, ta koɗe, duk ta sha karce.

Ran nan da yamma, wajen koyon waƙa, na tarar da yaron riƙe da sukundireba. Ya ce, "Baba, abin nan ya ɓata mata kyau, bari in cire." Ban tsaya na ji ƙarshen maganarsa ba. Na daka masa tsawa a gaban 'yan'uwansa matasa, na ce zai kashe kayan Ubangiji da aka saya da gumin gwauraye. Ya ajiye jitar, ya fita. Lahadi uku muna sujada ba kiɗa, a gida kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Uwarsa ce ta ce mini, "Maigida, ka tabbata cirewar za ta kashe ta?" Na yi shiru, gama ban taɓa bincikawa ba.

Da na koma Kano sai na tambayi mai gyara. Ya ce jita iri-iri ce. Akwai samfurin Stratocaster, wanda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1954. A jikin garkuwarsa aka ɗaura na'urorin ɗaukar sauti da wayoyi, in an cire ta sai ramuka su bayyana, ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Akwai kuma samfurin Les Paul na kamfanin Gibson, na 1952, wanda garkuwarsa kāre fenti kaɗai take yi. Masu kiɗa da yawa sukan cire ta, muryar kuwa tana nan. Abin da ke saura 'yan hujojin kusa ne. Tamu kwaikwayon ta biyun ce. Ashe yaron bai yi kuskure ba.

Da dare na kira shi, na ce, "Na ƙware ka a gaban mutane, ka gafarta mini." Na miƙa masa sukundireba. Da ya ɗaga garkuwar, muka haska tocila. Fentin da ke ƙarƙashi yana ƙyalli sai ka ce yau aka shafa. Dukan karcen shekaru a kan robar nan ya sauka.

Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya mayar da ita, ya ɗaure. Ya ce, "Baba, a bar ta. Ta yi aiki."

Na kwana ina tuna Ishaya sura 53, inda aka nuna mana Mai Ceto wanda ya sha dūka a madadinmu. Na kuma ga laifina. Allah ya sa uba a gida domin ya tare wa 'ya'yansa karcen duniya, ga shi ni da kaina na karce nawa, a kan abin da ban sani ba.

Ya ku iyaye, kafin mu tsauta, bari mu tambaya. In kuwa mun yi kuskure, roƙon gafara ba ya rage girman uba. Lahadin da ya biyo, jitar ta yi kuka a majami'a, da tsohuwar garkuwarta.